Filin Likitan Dabbobi: Karya ta mutu ta bar 'ya'ya biyar

Wasiƙu uku na zaɓa a wannan wata, dukansu kan 'yan kwikwiyon da suka rasa uwa. Ta farko ta fi cin wuri, don ita ce ta fi buƙatar bayani.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni mai gadi ne a wani gidan bulo da ke bayan garin Zariya. Akwai karyar da muke gadi tare da ita, shekaranjiya da asuba tifa ta take ta a bakin titi, ta bar 'ya'ya biyar a ƙarƙashin wata tsohuwar mota. Yau kwanansu tara da haihuwa, idanunsu ba su buɗe ba. Ina dama musu koko da sukari ina ɗura musu da cokali. Jiya ɗaya ya mutu, yau kuma wani ya daina kuka, jikinsa ya yi sanyi ƙalau, ko na sa masa cokali ba ya haɗiya. Ga hunturu ya kankama. Abokan aikina sai dariya suke yi mini wai na zama uwar karnuka, wani ma cewa ya yi in zuba su a kwalbati in huta. Yaya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri. Saƙonka ba irin wanda ake ajiyewa sai mujalla ta fito ba ne, shi ya sa na kira ka a ranar. Abin da muka yi magana a waya ne zan faɗaɗa a nan saboda sauran masu karatu.

Da farko dai ajiye cokalin nan. Wanda jikinsa ya yi sanyi ba a ba shi komai ya haɗiya sai ya ɗumama. Yawancin mutane idan suka tsinci jaririn kwikwiyo yunwa suke fara tunani, alhali sanyi yana riga yunwa kashe shi. Kwikwiyon da bai kai mako uku ba ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa, na uwarsa da na 'yan'uwansa yake aro. Zafin jikin babban kare digiri 38 zuwa 39 ne, na jariri a makon farko 35 zuwa 37 kawai, kuma da zarar ya sauka wajen 34 hanjinsa tsayawa yake yi cak. Duk abin da aka ɗura masa a wannan hali zama zai yi a ciki ya yi tsami ya kumbura shi, ko ya dawo ya bi hanyar numfashi.

Saka shi cikin rigarka, jikinsa ya taɓa naka, ka ci gaba da harkarka awa ɗaya zuwa biyu. Kada ka kai shi bakin wuta, kada ka tsoma shi a ruwan zafi, ɗumamawar gaggawa ita ma tana kisa. Yana cikin rigar, ka jiƙa sukari ko gulukos a ɗan ruwa, ka lakato da yatsa ka goga masa a dasashi. Gogawa na ce, ba ɗurawa ba. Idan ya fara motsi, ka sa masa ƙaramin yatsanka a baki. In ka ji bakin da ɗumi kuma ya kama yatsan yana tsotsa, to lokacin madara ya yi.

Sauran kuma ka fito da su daga ƙarƙashin motar. Nemi kwali mai ɗan zurfi, ka shimfiɗa tsohon zani ko tsumma mai laushi, ka cika gorar roba da ruwa mai ɗumi ka naɗe ta da tsumma ka ajiye a gefe ɗaya kawai, yadda wanda zafi ya isa zai iya jan jiki ya matsa. Ka riƙa sake ruwan idan ya huce, musamman daga tsakar dare zuwa asuba. A makon farko ana so cikin kwalin ya kai digiri 29 zuwa 32, a mako na biyu kamar 27, zuwa mako na huɗu 24 ma ya isa. Na san ba ka da ma'aunin zafi a ɗakin gadi, to su da kansu za su gaya maka. Idan sun hau kan juna suna ta kuka, sanyi suke ji. Idan kowa ya ware gefe da baki a buɗe, zafi ya yi yawa. Idan sun kwanta kusa-kusa suna barci, ƙafa na ɗan zabura jefi-jefi, ka dace. Kwalin kada ya zauna a ƙasa, ɗora shi kan benci, don cinnaka da kwarkwasa suna bin ƙanshin madara. Kurfoti da gawayi a ɗaki rufe kuwa ban yarda ba, don su da kai duka.

Yanzu maganar koko. Ba ƙeta ka yi ba, abin da kake da shi ka bayar, amma cikin kwikwiyo mai kwana tara bai fara narkar da hatsi ba. Koko zai cika masa ciki ya bar shi da yunwa, sukarin kuma ya jawo gudawa. Madara kaɗai yake buƙata, kuma a nan ma akwai magana. Nonon karya ya fi na saniya ƙarfi nesa ba kusa ba: maiƙonsa kusan kashi 9 zuwa 10 ne cikin ɗari, na saniya wajen kashi 4, sinadarin gina jiki kusan kashi 8, na saniya bai wuce 3 da ɗoriya ba. Abin da madarar shanu ta fi shi da shi sukarin madara ne, wanda shi ne mai sa su zawo. Ta akuya ma ba ta da nisa da ta saniya, duk da yabon da ake yi mata. Shi ya sa za ka ga an ba kwikwiyo madarar shanu zalla har ya ƙoshi, amma kullum ramewa yake yi.

Mafi kyau duka shi ne ka sami wata karyar da ke shayarwa, mai 'ya'ya kusan sa'anninsu. Tambayi masu gadin unguwar da mafarauta. In an samu, a goga wa marayun tsumman da 'ya'yanta ke kwana a kai, a sa su a tsakiyarsu, ka tsaya a wurin ka ga yadda za ta karɓe su, don wata lasa za ta yi, wata cizo. Bayan wannan sai madarar gari da aka yi musamman don 'yan kwikwiyo, irin su Esbilac da Lactol, ana samu a wasu shagunan magungunan dabbobi na manyan birane, sai dai da tsada. In duka biyun sun gagara, da babu gara ba daɗi: kofi ɗaya na tafasasshiyar madarar shanu ko ta akuya, wato mililita 240, gwaiduwar ƙwai uku, babban cokali ɗaya na man girki mai tsabta, a kaɗa sosai har su haɗe. Gwaiduwa kawai, ban da farin ƙwan, don ɗanyensa yana hana jiki amfana da wani bitamin. Ban da sukari, ban da madarar gwangwani mai zaƙi ta masu shayi. In akwai firji, haɗin ba ya wuce awa 24. In babu, raba ma'aunin uku ka haɗa kaɗan, gwaiduwa ɗaya a mililita 80, abin da ya rage bayan an ci a zubar. Madarar da ta yini a ɗakin gadi guba ce.

Nawa za a ba su? A nan sikeli yake shigowa, kuma ba na sassauci a kansa. Ari ƙaramin sikeli irin na masu sayar da kayan kek ko na masu awon zinariya da azurfa, wanda yake nuna giram. A kowane giram 100 na nauyin kwikwiyo, a yini da dare gaba ɗaya, mililita 13 a makon farko, 16 a na biyu, 20 a na uku, 22 a na huɗu. Naka suna mako na biyu. A ce ɗaya ya yi giram 400, abincinsa na awa 24 mililita 64 ke nan, a raba takwas, mililita 8 duk bayan awa uku. Har da dare, Malam. Sa'arka ɗaya aikinka na dare ne. Cikinsa ba ya ɗaukar fiye da mililita 4 a kowane giram 100 a zama ɗaya, don haka ba a haɗa masa na safe da na rana wai don a huta. Ranar farko ma ka rage kaɗan daga wannan lissafi, cikin ya saba tukuna.

Sayi sirinji mai mililita 5 ko 10 a kemis, ka cire allurar ka yar. Fidar jarirai takan yi wa ƙananan kwiyakwiyai girma, amma in za a yi amfani da ita, hudar bakin ta zama ƙarama yadda in an kifa ta madara za ta riƙa ɗiga ɗaya-ɗaya, ba ta zuba ba. Ɗumama madarar ta hanyar tsoma kofin a ruwan zafi, ka ɗiga a bayan hannunka, in ba ka ji zafi ba kuma ba ka ji sanyi ba ta yi. Sai ka kwantar da shi rub da ciki a kan cinyarka, kansa a ɗan ɗage, yadda yake kwanciya a jikin uwarsa. Kada ka rungume shi rigingine kamar jaririn mutum. Wannan kuskure ɗaya ya kashe marayun kwiyakwiyai da yawa a hannun masu ƙaunarsu. Ɗiga a kan harshe, jira ya haɗiye, sake ɗigawa. In ka ga madara ta fito ta hanci, tsaya nan take, sunkuyar da kansa ƙasa ka goge. Wadda ta shiga huhu ciwon namoniya take zama, kuma a wannan shekaru da wuya a ci nasararsa. Bayan kowane ci a wanke sirinjin a zuba masa tafasasshen ruwa.

Akwai aikin uwa guda da mutane ba su sani ba. Jaririn kwikwiyo ba ya fitsari ko kashi da kansa sai uwar ta lashe masa ƙasan ciki, haka yake har wajen mako uku. Saboda haka bayan kowane ci ka jiƙa auduga ko tsumma mai laushi da ruwan ɗumi, ka riƙa shafa masa mara da ƙarƙashin jela a hankali har ya yi, sannan ka tsane shi ya bushe. Ina zargin wanda ka ce ya mutu har da wannan a cikin abin da ya same shi. Ka riƙa duba abin da ya fito. Kashi rawaya mai ɗan kauri lafiya ne. Mai ruwa-ruwa ko kore alamar an cika masa ciki ne, a rage yawan madarar, a sirka ta da tafasasshen ruwa na yini ɗaya. Fitsarin jariri kusan fari yake, in ya yi rawaya sosai ruwan jikinsa ya yi ƙasa.

Kowace safiya ka auna su ka rubuta a takarda. Lafiyayye yana ƙara kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinsa kullum. Wanda ya kwana biyu bai ƙaru ba, ko yake kuka ba ƙaƙƙautawa, ko ya ware kansa gefe, kai shi asibiti ranar. Kana Zariya, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana kusa da kai. Abu ɗaya da ya kwantar mini da hankali shi ne sun sha nonon uwarsu na kwana bakwai, wato sun sami dakashi, nonon farko mai ɗauke da garkuwar jiki, wanda hanjinsu ke iya tsotsewa a yinin farko kawai. Idanu za su buɗe tsakanin kwana 10 zuwa 14, kada kowa ya ɓare musu da hannu.

Abokan aikinka kuwa, ka tuna musu da hadisin Abu Huraira na mutumin da ya sauka rijiya ya cika huffinsa da ruwa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Hukuncin tsarki na bar wa malamai, ba fagena ba ne. Nawa fagen shi ne ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa su da bayan ka taɓa su. Sannan a tambayi mai shawarar kwalbati wa zai taya shi gadi baɗi.

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Ni uwa ce daga Katsina. Ɗana ya tsinto 'yan kwikwiyo biyu a kango, mun raine su da madara a fida, yanzu mun ƙiyasta sun kai wata ɗaya. Haƙora sun fito, sun tauna bakin fida biyu sun lalata. Zan iya fara ba su tuwo da miyar da muka ci muka rage? Sannan ɗaya yana da ƙuraje masu ƙaramin rami a ciki da cinya, kuma dukansu cikinsu tulu-tulu.

AMSA: Hajiya, sannu da ƙoƙari, kin wuce wurin wuya. Tauna fidar nan sanarwa ce cewa lokacin yaye ya yi. Ana farawa tsakanin mako uku zuwa huɗu, a gama a mako shida zuwa bakwai.

Fara da madarar da suka saba, a zuba a faranti marar zurfi. Tsoma yatsa ki taɓa musu a baki, ki ja yatsan zuwa farantin. Kada a danna musu kai a ciki. Kwana biyun farko taka abincin za su yi, su yi wanka da shi, abin da ya shiga baki kaɗan ne, saboda haka a ci gaba da ba da fida bayan sun gama ɓarnarsu, a goge su su bushe. Da sun iya lasa sai a fara kaurara madarar. In kina da halin sayen abincin 'yan kwikwiyo na buhu, jiƙa shi a ruwan ɗumi ki dama ya yi ruwa-ruwa. In babu, dafa shinkafa ta yi luguf, ki murje ta da dafaffen ƙwai da kifin da aka cire wa ƙaya ko niƙaƙƙen nama, ki sassauta da madara. Sau huɗu a yini. Kowane 'yan kwanaki ki rage ruwan ki rage fida ɗaya. Ruwan sha mai tsabta ya zauna kusa da su daga yanzu.

Tuwo shi kaɗai ba laifi idan sun ƙara girma, miyar ce matsala. Albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, dafaffu ko ɗanyu, ga barkono ga gishiri ga dunƙule. A ɗebi nasu kafin a sa kayan miya. Ban da dafaffen ƙashin kaza, tsagewa yake yi ya huda hanji. Ki gaya wa yara ban da cakulan, ki gaya wa Maigida ban da goro. Wani abin da nake yawan gani a karnukan gida shi ne ƙafafu sun lanƙwashe saboda an yaye su da hatsi da nama kawai babu sinadarin ƙashi. Maganinsa mai sauƙi ne: ƙananan busassun kifi marasa gishiri a daka su da ƙayarsu su zama gari, a riƙa barbaɗawa a abinci.

Cikin nan tulu-tulu tsutsa ce, kusan babu shakka. Yawancin kwiyakwiyai da ita ake haifarsu, tun a mahaifa take shiga, wata kuma ta nono. Ana ba da maganin ruwa mai suna pyrantel a mako 2, 4, 6 da 8, gwargwadon nauyi, likitan dabbobi zai auna miki. Ƙwan tsutsar yana kama yara masu wasa da ƙasa, don haka a riƙa kwashe kashin kullum. Ƙurajen masu rami kuwa aikin wani ƙuda ne da ke zuba ƙwai a ƙasa ko tsumma mai danshin fitsari, tsutsarsa ta huda fata ta zauna tana numfashi ta ramin. Toshe ramin da man basilin, bayan ɗan lokaci ki matsa a hankali za ta fito, ki wanke wurin. A sake musu shimfiɗa kullum, kuma a daina shanya tsummansu a ƙasa. In kin ga ƙuma ko kaska, a cire da hannu ko da mataji. Fiya-fiya da kananzir da baƙin mai duk suna kashe kwikwiyo kafin su kashe kaskar. Haka farasitamol na mutane, kada a ba su.

Rigakafin farko a mako shida zuwa takwas, a maimaita duk mako uku zuwa huɗu har su kai mako 16. Babban abin tsoro cutar parvo ce, mai amai da gudawar jini mai wari, ƙwayarta tana watanni a ƙasa ba ta mutu ba. Tunda ba ki san ko sun sha dakashi ba, kada su fita waje kafin a gama. Allurar haukan kare a wata uku. In za ki bayar da ɗaya, bari su cika mako takwas tare, don a wasan kokawarsu suke koyon iyakar cizo.

TAMBAYA: Likita, ni mafarauci ne daga ƙasar Ningi. Karyata ta canza hali, tana dalalar da yawu, ta ciji ɗan maƙwabcina da akuya, sai muka kashe ta muka binne. Ta bar 'ya'ya huɗu masu mako uku, irin farauta ne na gaske, ba na so su salwanta. Wace madara zan ba su?

AMSA: Ɗan'uwa, maganar madara ta dakata. Yaron nan da aka ciza a kai shi asibiti yau a fara masa allurar cizon mahaukacin kare, ko da ciwon ya warke, ko da an yi masa na gargajiya. Abin da ka faɗa kan karyarka ya yi kama da cutar haukan kare, kuma cutar takan yi wata biyu zuwa uku a ɓoye, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara, kuma da zarar alamunta sun bayyana babu magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, yawancinsu ta hanyar kare. Kai ma, da duk wanda yawunta ya taɓa masa ciwo ko ido ko baki, ku je a duba ku. Nan gaba in an yi cizo, abin farko wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sannan asibiti.

'Ya'yan kuma uwar ta lashe su safe da yamma da wannan yawun, don haka ana ɗaukarsu a matsayin waɗanda cutar ta shafa, ƙanƙantarsu ba ta hana su kamuwa ko su sa wa wani. Kada yara su taɓa su, kada ka sa musu yatsa a baki, kada ka ba kowa kyauta. Rufe su, a tura musu abinci a faranti, ka je ofishin kula da dabbobi na ƙaramar hukumarku ka faɗi abin da ya faru, har da maganar akuyar, kada a yanka ta ko a kai ta kasuwa. Da ba a binne karyar ba, da an aika kanta Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato an tabbatar. Kada ka tone ta da kanka, bar wa ma'aikatan su duba ko har yanzu za a iya gwajin. Hukuncin 'ya'yan ɗayan biyu ne, ko a killace su na watanni a ƙarƙashin idon likita, ko a kashe su ba tare da azaba ba, kuma gaskiya na biyun aka fi yi ga waɗanda ba su taɓa samun rigakafi ba. Na san zafin rasa iri mai kyau. Sauran karnukan farautarka duka a duba su a yi musu allura a wannan makon, kuma a riƙa sabunta ta kowace shekara.